Ganye Yana Komawa Ƙasa, Leda Tana Komawa Cikinmu

A Disambar 2017 Jamhuriyar Benin ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, amma har yau magudanan Zangon Kwatano na toshewa da ita duk damina. Ganyen da ake ƙunshe abinci da shi, cikin 'yan makonni ƙwayoyin halitta da danshi ke narkar da shi ya koma taki. Ita kuwa leda, daga man fetur aka ƙera ta, kuma ƙwayoyin ba su iya cin ta. Rana tana farfasa ta ne kawai, ɓurɓushin ya gangara tafkin Nokoué, kifi ya haɗiye, mu ci kifin. Tunkiyar da ta ci ta kuwa, sai ta yi ta ramewa.

Mai tuwo za ta ce leda ta fi arha da tsafta. Arharta gaskiya ce, sai dai arha ba ta ado: abin da aka rage wajen saye, ana biyansa wajen yashe kwata da maganin zazzaɓin sauro. Tsafta kuma, wankakken ganye da kwanon gida sun wadatar. Hukuma ta sauƙaƙa samun madadin leda, limamai da 'yan kasuwar Zango su ja gaba.