Makullin Kotu A Hannun Ganduroba

Hausawa sun ce, in kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Ƙasar Amurka ba ta gajiya da yi wa duniya wa'azin haƙƙin ɗan'adam, don haka ya kamata mu leƙa mu ga yadda kotunanta na tarayya suke yi da ɗaurarren da ya kai kukansa da kansa, ba tare da lauya ba.

A takarda dai abin gwanin sha'awa. Tun shekarar 1871 aka kafa dokar da ta ba kowa damar kai ƙarar jami'in jiha da ya tauye masa haƙƙi. A 1972 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar wani ɗaurarre mai suna Haines, ta ce kada a auna rubutun mai kare kansa da ma'aunin rubutun lauya. Amma a 1996 sai majalisa ta fito da wata doka, Shugaba Clinton ya sa mata hannu, wai don rage ƙararrakin banza. Dokar ta wajabta wa ɗaurarre, kome talaucinsa, ya biya kuɗin shigar da ƙara, ko da kaɗan-kaɗan ne. In an kori ƙararsa sau 3 bisa cewa ba ta da tushe, to sai ya biya gaba ɗaya tun farko, sai fa in yana fuskantar mummunan haɗari. Mafi muni, ba zai taka kotu ba sai ya bi duk matakan koke na cikin kurkukun.

To, wa ya tsara waɗannan matakai? Hukumar kurkukun da ake ƙara! Dubi abin da ya sami Ngo, ɗaurarre a kurkukun San Kwantin ta jihar Kalifoniya. Ya yi kukan an hana shi halartar harkokin addini. Hukuma ta yi watsi da kokensa don ya wuce wa'adin kwanakin aiki 15, kotun tarayya ta kori ƙararsa, a 2006 kuma alƙalan Kotun Ƙoli 6 cikin 9 suka ce wanda ya saɓa wa'adi bai bi matakan ba. Hukuncin bai ce kukansa ƙarya ne ba. Makara kawai ya yi.

Masu goyon bayan dokar na cewa ƙararrakin shirme sun cika kotuna. Ba mu musa ba. Amma alƙali yana da ikon watsar da shirme bayan ya karanta shi. Wannan doka kuwa tana tsayar da mai gaskiya da maƙaryaci a ƙofa ɗaya, ta ba ganduroba makulli. Ina aka taɓa ba kura ajiyar nama?

Ɗaurarre ya yi laifi, an hukunta shi. Sai dai alƙali ɗauri ya yanke masa, bai yanke masa zalunci ba. Kotun da ta fi kula da ƙidayar kwanaki a kan sauraron wanda aka cuta, ta kare kanta daga wahala, ta bar adalci a waje.