Sarki Harishcandra: alkawali kaya ne

Duk baƙon da ya sauka birnin Baranasi, wanda aka fi sani da Banaras, a bakin kogin Ganga na ƙasar Indiya, zai tarar da matakalai na dutse sun yi jeri suna gangarawa cikin ruwa. Yawansu ya zarce 80, kuma kowace matakala da sunanta. Biyu daga ciki an keɓe su domin ƙona gawa, bisa al'adar mabiya addinin Hindu. Ta farko ita ce Manikarnika, ta biyu kuwa sunan wani sarki take ɗauke da shi, Harishcandra. Mai karatu yana iya tambaya, mi ya haɗa sarki da wurin toka da hayaƙi? Amsar tana cikin labaru biyu da Hindu suka gada daga littattafansu na dā, waɗanda suke magana a kan mutum guda, amma suna nuna halaye biyu da suka yi hannun riga.

Labari na farko shi ne mafi tsufa. Yana cikin littafin Aitareya Barahmana, wanda aka tsara cikin harshen Sanskirit ƙarnoni da dama kafin haihuwar Annabi Isa. An ce Harishcandra sarki ne daga zuriyar Ikshwaku, yana da mata masu yawa, amma bai samu ɗa namiji ba. Sai ya roƙi Baruna, wanda a wurin Hindu na wancan zamani shi ne abin bauta mai kula da ruwaye da tsarin duniya, mai riƙe da igiyar da yake ɗaure maƙaryata da ita. Sarki ya yi alkawali cewa in ya samu ɗa, zai miƙa shi hadaya ga Baruna. Ɗa ya zo, aka raɗa masa suna Rohita.

Da Baruna ya zo karɓar abin da aka alkawarta masa, sai sarki ya shiga kawo uzuri. Ya ce a bari jariri ya wuce kwana goma. Da ya wuce, ya ce a bari haƙora su fito. Da suka fito, ya ce a bari su zube. Da suka zube, ya ce a bari wasu su tsiro. Daga ƙarshe ya ce a bari yaro ya isa ɗaukar makami. Da Rohita ya girma ya ji abin da ke jiransa, sai ya ɗauki bakansa ya shige daji. Nan take Baruna ya kama sarki da ciwon kumburin ciki, wato ruwa ya taru a cikinsa. Hindu suna ganin hikima a wannan hukunci: mai mulkin ruwa ya hukunta mai saɓa alkawali da ruwa.

Rohita ya shekara shida yana yawo, har ya gamu da wani barahmin, wato ɗan gidan malaman addini, mai suna Ajigarta, wanda yunwa ta galabaitar da shi da iyalinsa. Yana da ƴaƴa uku maza. Rohita ya taya ɗaya da shanu 100 domin a yanka shi a madadinsa. Uba ya riƙe babba, uwa ta riƙe auta, sai na tsakiya, Shunashepa, ya rasa mai riƙe shi. Da aka je wurin hadaya aka rasa mai ɗaure yaron, ubansa ya karɓi wasu shanu 100 ya ɗaure shi. Da aka rasa mai yanka, ya karɓi wasu 100 ya wasa wuƙa. Yaron ya ga ba shi da kowa cikin mutane, sai ya shiga kiran alloli ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga Ushas, wadda ita ce alfijir a wurinsu. An ce da kowane baiti da ya rera igiya takan kwance, cikin sarki kuma yakan sace, har ya warke sarai. Wani babban mai hikima da ke cikin masu jagorantar hadayar, Bishwamitra, ya ɗauki yaron ya mai da shi ɗansa.

A wannan labari sarki ya tsira, ɗansa ya tsira, amma babu wanda zai kira shi gwarzon gaskiya. Ya yi alkawali da baki, ya yi ta jan lokaci, daga bisani aka ɗora kayan a kan ɗan talaka wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kafin a shiga labari na biyu, ya kamata a san ko wane ne Bishwamitra. Hindu suna kiran irinsa rishi, wato mutumin da ya kaɗaita yana horar da jikinsa da azumi da tunani har ya samu ilimi da iko. Suna lissafa shi cikin manyan rishi bakwai, kuma suna danganta masa kashi na 3 na littafin Rigbeda, wanda ya ƙunshi waƙoƙin bauta 1028 cikin kashi 10. An ce asalinsa sarki ne. Ya yi ƙoƙarin ƙwace wata saniya mai albarka daga wani rishi mai suna Basishta, ya zo da mayaƙansa, amma aka ci shi da yaƙi. Daga nan ya gane cewa ƙarfin zuciya ya fi ƙarfin takobi, ya bar gadon sarauta ya shiga daji. Sai dai zafin ransa bai bar shi ba, kuma a labarun Hindu fushin rishi abin tsoro ne ko ga alloli.

Labari na biyu yana cikin littafin Markandeya Purana, wanda ya zo bayan na farko da ƙarnoni masu yawa. A nan Harishcandra sarkin Ayodiya ne, adali, wanda ƙarya ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. Wata rana yana farauta sai ya ji kukan mata suna neman ceto. Ya garzaya yana tsawa, ashe Bishwamitra ne ke tsakiyar ibadarsa, kukan kuwa na ilimomin da yake ƙoƙarin mallaka ne. Aikin rishi ya wargaje, ransa ya ɓaci. Sarki ya faɗi ya nemi gafara, ya ce a roƙe shi duk abin da ake so. Bishwamitra ya nemi ƙasar baki ɗaya, da taska, da dawaki, da giwaye. Sarki ya miƙa. Ya fita daga fada da matarsa Shaibiya, wadda wasu ruwayoyi ke kira Taramati, da ɗansu ƙarami Rohitashwa, talakawa na biye da su suna kuka.

Bishwamitra bai tsaya nan ba. Ya tunatar da sarki cewa akwai sauran kuɗin sadaka da ake bai wa malami, wanda ya riga ya amsa zai biya. Sarki ba shi da ko anini, sai ya roƙi wa'adin wata guda. Suka taka da ƙafa har Kashi, tsohon sunan Baranasi, domin a imanin Hindu birnin na Shiba ne, ba ya cikin ƙasar da sarki ya bayar. Ranar da wa'adi ya cika, sarauniya da kanta ta ce a sayar da ita. Wani tsohon barahmin ya saye ta ta zama baiwar gidansa. Yaron ya riƙe zanen uwarsa yana kuka, sai aka haɗa da shi. Kuɗin bai isa ba. Kafin rana ta faɗi, sarki ya sayar da kansa ga wani candala, wato mutumin da al'ummar wancan zamani ta ajiye a can ƙasan kowa, wanda ko taɓa shi ba a yi. Aikinsa shi ne tsaron filin ƙona gawa.

Haka jikan sarakuna ya koma kwana cikin toka, yana karɓar kuɗin ƙona gawa da tufafin matattu yana kai wa ubangidansa. Bayan wata goma sha biyu, wata mata ta zo cikin dare ɗauke da gawar yaro wanda maciji ya sara. Wahala ta sauya kamanninsu har ba su gane juna ba, sai da ta ambaci sunan mijinta cikin kuka. A ruwayar da ta fi yaɗuwa cikin wasannin kwaikwayo, Harishcandra ya ƙi barin a ƙona ɗansa sai an biya haƙƙin ubangidansa, domin amanar ba tasa ba ce. Matar kuwa, da ba ta da komi, ta kama zanenta za ta yage rabi ta biya. A cikin Markandeya Purana, su biyun sun yanke shawarar shiga wuta tare da gawar ɗansu.

A nan ne alloli suka bayyana, da Indira sarkinsu, da Darma wanda shi ne gaskiya da adalci cikin surar abin bauta, da Bishwamitra kansa. Aka yayyafa wa yaron ruwan rai, ya tashi. Aka ce da sarki ya hau sama. Ya ce shi bawa ne, ba ya tafiya sai da izinin ubangidansa. Sai Darma ya bayyana masa cewa shi ne candalan. Aka sake kiransa, ya sake ƙi, ya ce mutanen Ayodiya suna can suna baƙin cikin rabuwa da shi, kuma duk alherin da sarki ya aikata, da hannun talakawansa a ciki. Ya roƙi a raba ladarsa da su, ko da zaman nasa a sama zai koma yini guda. Aka amsa masa. Aka naɗa Rohitashwa a gadon ubansa.

Masu fassara labarin suna tsayawa a kan kalmomi biyu. Ta farko ita ce satiya, wato gaskiya, wadda a wurinsu ta haɗa da cika magana: abin da baki ya furta dole hannu ya aikata. Ta biyu ita ce darma, wato nauyin da ke kan kowane mutum gwargwadon matsayinsa. Ta wannan fuska, Bishwamitra wuta ce da ake gwada zinariya da ita. An ƙwace wa sarki mulki, da dukiya, da iyali, da ƴanci, da asali, ɗaya bayan ɗaya, domin a ga abin da zai saura. Abin da ya saura shi ne maganarsa. Akwai kuma darasi a cikin kamannin da Darma ya zaɓa. Bai zo cikin rigar sarki ko ta malami ba, ya zo cikin surar wanda kowa ke ƙyama. Wannan yana da nauyi a ƙasar da sai a shekara ta 1950 kundin tsarin mulkinta, a aya ta 17, ya haramta ware wasu mutane a matsayin waɗanda ba a taɓawa. Har yanzu ƴan al'ummar Dom ne ke riƙe da wutar ƙona gawa a Baranasi.

Duk da haka labarin bai kuɓuta daga tuhuma ba, kuma a Indiya kanta ana yin ta. Sarki ne ya yi subul da baka, amma mace da yaro ne aka fara kaiwa kasuwa. Talakawan Ayodiya ma ba a shawarce su ba kafin a miƙa ƙasarsu ga wani. Mai hankali zai ga cewa labarin gargaɗi ne ta fuska biyu: a cika alkawali, amma kafin nan a auna shi, domin magana zarar bunu ce, kuma maganar shugaba ba shi kaɗai take ɗaurewa ba. Ƙin hawa sama da ya yi ba tare da jama'arsa ba, kamar biyan bashin wannan ganganci ne.

Tasirin labarin ya fita daga littattafai. Mahatma Gandhi, wanda aka haifa a shekara ta 1869, ya ba da labari a cikin tarihin rayuwarsa cewa ya ga wasan kwaikwayon Harishcandra yana yaro, abin ya kama zuciyarsa, ya riƙa mamakin abin da ya hana kowa zama mai gaskiya irin tasa. Ko da ya girma ya fahimci cewa sarkin ba lalle ne ya taɓa rayuwa ba, bai daina ɗaukarsa abin koyi ba. Gwagwarmayar da ya fara a Afirka ta Kudu a shekara ta 1906 ya sa mata suna satiyagaraha, wato riƙo da gaskiya, kuma da ita ya tunkari mulkin Ingila har Indiya ta samu ƴancin kai a 1947. Hakanan masu sha'awar finafinan Indiya, waɗanda a dā suka riƙa cika gidajen silima daga Maraɗi har Damagaram, za su so su san cewa dogon fim na farko da Indiya ta yi a kan wannan sarki ne. Sunansa Raja Harishcandra, Dadasaheb Phalke ya shirya shi, aka nuna shi a Bombai a shekara ta 1913. Fim ne marar murya, kuma namiji ne ya fito a matsayin sarauniya, domin an rasa macen da za ta yarda ta shiga. Tun daga 1969, lambar yabo mafi girma ta silima a Indiya sunan Phalke take ɗauke da shi.

Abin lura shi ne, Hindu ba su shafe tsohon labarin ba domin su ƙawata sabon. Sun adana su duka biyu a ƙarƙashin suna guda. Na farko ya nuna yadda mai iko ke yi da alkawali in ya yi masa nauyi: gobe, jibi, baɗi, sa'annan a nemo ɗan wani ya biya. Na biyu ya nuna abin da cikawa ke ci, har zuwa rigar wuya. Kowane mai riƙe da amanar jama'a, ko ta gari ce ko ta gida, yana tsaye ne tsakanin sarakunan nan biyu, kuma ranar da wa'adi ya cika ake sanin wanda ya bi.