Ƙofar da Aka Buɗe da Bindiga

Ran nan ina koyar da tarihin zuwan Turawa, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, an ce Japan ma Turawa sun shige ta da ƙarfi. To yaya aka yi su suke ƙera babur, mu muke saye?" Na kwana da wannan tambaya.

Mu fara daga gida. Ƙasarmu ba a rufe take ba tun asali, domin ayarin Hausawa sun daɗe suna zuwa Salaga fataucin goro. Bature ne dai bai san hanya ba sai daga baya. A 1892 da 1894 Ingila ta turo George Ekem Ferguson, wani Bafante, ya zaga arewa yana ƙulla yarjejeniya da sarakuna. A 1896 Jamusawa suka ci Dagwamba da yaƙi a Adibo, suka ƙone Yendi. A 1899 aka raba Dagbon biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus, Tamale hannun Ingila, ba tare da an shawarci mai ƙasa ba.

Japan kuwa ta rufe ƙofarta tun wajen 1639. Cikin Turawa, 'yan Holan kaɗai aka bari suna ciniki a wani ɗan tsibiri a Nagasaki. A 1853 Perry, wani hafsan Amurka, ya iso da jiragen yaƙi huɗu, a 1854 dole ta sa aka buɗe tashoshin Shimoda da Hakodate. Su ma ba da son ransu ba ne.

Bambancin shi ne mulki bai fita hannunsu ba. Bayan juyin 1868 da ya maido da iko ga Sarki Meiji, sai a 1871 suka tura manyan gwamnati ƙarƙashin Iwakura, suka yi kusan shekara biyu a Amurka da Turai suna duba makarantu da masana'antu. A 1872 aka yi dokar karatu ga kowane yaro, mace da namiji, kuma da harshensu. Har ta kai likitansu Noguchi ya zo binciken cutar shawara, ya rasu a Ankara a 1928.

Mu fa? Hedkwatar arewa ta dawo Tamale a 1907, makarantar gwamnati ta buɗe a 1909, amma sakandare sai 1951, alhali Mfantsipim tana nan a kudu tun 1876. Bature lebura yake nema a wurinmu, domin gonar koko da ramin zinariya.

Wannan laifinsa ne. Amma ya tafi tun 1957, kuma an kafa jami'a a garin nan a 1992. Yanzu wa ke cire yarinya daga aji biyar, ya aza mata farantin talla, ko ya tura ta kayayo a Kumasi? A zangonmu ake yin haka, kowa ya sani.

Mutanen Japan sun ɗauki ilmin baƙo, ba su yar da harshensu ba. Mu ma yaro zai iya zuwa boko da safe, allo da yamma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye, a duba wa ya rage a gida ran Litinin.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.