Faransancin da yaranmu ke buƙata

A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2004 ta wajabta shi a firamare da ƙaramar sakandare. Har yau makarantu da dama a Jega da Aliero da Maiyama ba su da ƙwararren malaminsa.

Kwanan baya mun ga littafin wata ɗaliba a Birnin Malam, shafi guda cike da que je parlasse, que tu parlasses, qu'il parlât. Wannan ita ce sigar aikatau da ake kira subjonctif imparfait, mai nuna fata ko shakka a lokacin da ya shuɗe. Faransawa da kansu sun yi watsi da ita a hira, sai dai a adabi. Yarinyar ta haddace ta tsaf, amma ba ta iya tambayar farashin buhun albasa da harshen ba.

Ba mu ga laifin malaminta ba. Fanninsa daban ne, aka ɗora masa darasin, ya kwafo abin da ya tarar a tsohon littafi.

Hausa za ta kai ɗanmu kasuwar Gaya ko Dosso, amma takardun kwastan da na asibiti can da Faransanci ake rubuta su. Muna kira ga hukumomin ilimi da su ɗauki ƙwararru, su kuma tura membobinmu horo a Ƙauyen Faransanci na Badagry, domin a fara da gaisuwa da ƙirga da karatun takarda.