Wasiƙa a buɗe ga 'yan ga-ruwa na Fagge da Sabon Gari

'Yan uwa masu tura kura,

Duk wanda ya ga yadda ruwa ya mamaye Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya san abin da ke biyo bayan ruwan sama mai ƙarfi a Fagge. Kwatoci su cika su tumbatsa, masai ya haɗe da rijiya, bututun da ya tsage a ƙarƙashin ƙasa ya zuƙi ƙazanta. Kwana biyu ruwa ya janye, mutane su ce an tsira. Amma a lokacin ne ɗan ga-ruwa ke zama mutum mafi muhimmanci a unguwa, domin abin da ya zuba a randa shi yara za su sha.

Kano ta taɓa ganin illar gurɓataccen ruwan sha. A annobar kwalara ta 1995 zuwa 1996, binciken da aka yi a birnin ya nuna cewa waɗanda suka kamu sun fi yawa cikin masu shan ruwan da aka saya a titi, sannan wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ya kare mutane. Wannan ba tsangwamar sana'a ba ce. Unguwannin da famfo ya daina zuwa, da kura suke rayuwa.

To, me ake nema daga mai kura? Bayan ambaliya ya ƙaurace wa duk rijiyar da ruwan kwata ya shiga, ko da ta fi arha, ya nufi burtsatse mai zurfi da bakinsa bai nutse ba. Jarka kuwa, a nan matsalar take kwana. Koren nan da ke manne a cikinta wurin zaman ƙwayoyin cuta ne, kuma ɗauraya ba ta fitar da shi, sai sabulu da sinadarin kulorin. Murfin leda ko tsumma a yar da shi. Ƙwayar Aquatabs ko ruwan WaterGuard, masu tsarkake ruwa, ba su da tsada: a bi ma'aunin da ke jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sayar. Ruwa mai duhu sai an bar shi ya kwanta an tace.

Ɗan ga-ruwa yana shiga gidajen da ma'aikacin lafiya bai taɓa taka ba. In ya tarar da mai amai da gudawa tsararo kamar ruwan shinkafa, ya ce a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a kuma garzaya da shi Asibitin Zana, don kwalara tana iya kashe babba cikin sa'o'i. Shi kansa in cikinsa ya ɓaci, ya ajiye kura har ya warke.