Taswirar Kwamfuta: A Fara Koyo Daga Sawun Ƙafa

Ɗalibai da dama sun raja'a ga koyon fasahar nan ta haɗa taswira da bayanai a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda masana ke taƙaita sunanta da GIS. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai akasarinsu suna ɗora gini ne ba tare da harsashi ba: sukan haddace wuraren latsawa a QGIS ko ArcGIS, su fito da taswira mai launuka, alhali ba su san inda alƙaluman cikinta suka samo asali ba.

Ginshiƙin ilimin ba shi da wuyar fahimta. Duk abin da ke bisa doron ƙasa ana shigar da shi ne a matsayin ɗigo, kamar rijiya. Ko layi, kamar hanya. Ko fili mai iyaka, kamar gona. Sa'annan a jera su falle bisa falle, a yi wa na'ura tambaya: waɗanne ƙauyuka ne suka fi kilomita 5 nisa daga asibiti? Irin wannan tsari Roger Tomlinson ya assasa a Kanada cikin shekarun 1960 domin ƙididdige filayen ƙasar.

Amma tunanin ya girmi kwamfuta. A shekarar 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, har ya gano cewa famfon titin Broad ne tushen annobar. Wani gidan gajiyayyu da ke daf da famfon, mai mutum 535, biyar kacal ya rasa, domin yana da rijiyarsa. Wata bazawara kuwa can nesa a Hampstead ta rasu, saboda ruwan wannan famfo ake kai mata a keken doki, don tana son ɗanɗanonsa. Babu taswirar da za ta tona wannan sirri ita kaɗai. Hasali ma, an cire hannun famfon tun watan Satumba. Shahararriyar taswirar tasa daga baya ta fito.

A Arewacin Nijeriya ma an ga haka a yaƙi da shan-inna. Taswirorin da masu allurar rigakafi suke zanawa da hannu sun tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka, kuma yaron da garinsu ba ya kan takarda ba ya samun ɗigon magani. Daga wajen 2012 aka shiga amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, amma sai da ma'aikata suka taka har wuraren, suka tambayi dagatai da masu unguwanni sunayensu. Hoto yana nuna rufin ɗaki, ba ya faɗin ko akwai jariri a ciki. A 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Akwai kuma tarkon da sabon shiga ke yawan faɗawa. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an gina su ne bisa ma'aunin Minna, na'urar GPS kuwa tana aiki da WGS 84. Wanda ya haɗa su bai daidaita ba, iyakar gonarsa za ta gusa da gomiyoyin mitoci, na'ura kuma ba za ta ce masa uffan ba. Kowa ya san abin da taku goma kan haifar tsakanin maƙwabta a gaban alƙali.

Saboda haka ya kamata malamai su sauya jerin darussan. Makon farko ɗalibi ya fita da littafi da wayar hannu, ya zaga unguwarsu, ya rubuta matsayin kowace rijiya da kowace masai, ya tambayi masu gida wace rijiya ake sha, wacce aka daina. Idan ya dawo, sai a kunna masa kwamfuta ya auna tazarar da ke tsakaninsu.