Lambar sirrin Mushe tana hannun wa?

Watan jiya na raka tsohon malamina, wanda ya koya mini karatu a aji ɗaya, zuwa wani shagon intanet a nan Maraɗi. Ya daɗe da yin ritaya, ido ya yi rauni, kuma akwai takardun fansho da yake son turawa Yamai. Yaron shagon ya karɓi katinsa na ɗan ƙasa, da takarda mai lambarsa ta aiki, da mai lambar asusun banki, ya ɗauki hotonsu ya zuba a kwamfuta. Sai ya ce, "Baba, faɗo mini lambar sirrin imel ɗinka." Mushe ya zaro ƴar takarda daga cikin hula ya karanto da ƙarfi, mutum biyar na zaune a benci suna ji. Kafin mu fita na leƙa kwamfutar: ga hotunan takardunsa nan jere da na waɗanda suka riga mu zuwa, ba wanda aka goge.

Yaron ba ɓarawo ba ne, har kujera ya ba mu. Amma duk wanda ya zauna gaban kwamfutar nan bayan mun tafi, ya samu abin da zai iya zama Mushe da shi.

Ina wannan magana ne saboda duniya ta nufi inda ɗan fansho zai riƙa shiga asusunsa ta intanet, mu ma can muka dosa. Mu dubi waɗanda suka riga mu. A Amurka, tun 2025, mai son shiga asusunsa na hukumar fansho ta ƙasa sai ya bi ta ɗayan ƙofa biyu: Login.gov ta gwamnati, ko ID.me, wanda kamfani ne mai zaman kansa da kan nemi hoton katin shaida da na fuskar mutum. Lokacin da hukumar harajinsu ta so tilasta wa jama'a wannan duban fuska, sai da aka yi ta ƙorafi har ta janye a watan Fabrairun 2022. Ba su rasa dalili ba. A 2015 an kutsa cikin rumbun bayanan ma'aikatan gwamnatin tarayyarsu, aka kwashe na mutum miliyan 21 da rabi, ciki har da zanen yatsun mutum miliyan 5 da dubu 600. Lambar sirri in ta fita ana canza ta da yamma. Yatsa fa, da wane za a canza shi?

Satar da aka fi sani a can ba ta da hayaniya. Ɓarawo ya shiga asusun tsoho, ya cire lambar bankinsa ya sa tasa. Tsoho bai san komai ba sai ƙarshen wata ya zo, kuɗi shiru.

Na san abin da za a ce mini, kuma da gaskiyar masu faɗa. Tsohon da ke Dakoro ko Mayahi gara ya latsa salula da ya hau mota ya kwana gidan ƴan uwa don sa hannu ɗaya. Gwamnati ma tana da haƙƙin ta tabbatar ba matattu take biya ba. Ban ƙi ko ɗaya ba. Abin da na ƙi shi ne tsarin da aka ɗinka wa mai shekara talatin, aka miƙa wa mai saba'in. Ana cewa kar ka ba kowa lambarka, alhali mai lambar ba ya ganin rubutun, layin da saƙon tabbatarwa zai shigo kuma da sunan ɗansa aka yi masa rajista. Dole ya bayar. A wurinmu ɓarakar ba daga nesa za ta zo ba, daga zaure za ta zo, kuma tsoho ya gwammace ya haɗiye da ya kai ƙarar jikansa. Kuɗi ma a gefe: wa ke son unguwa ta san nawa yake ɗauka, da bashin da ake cire masa?

Muna da doka kan kare bayanan mutum tun 2017, muna da hukumar HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki. Malamai nawa suka taɓa jin sunanta a zauren taro? Ina ganin ƙungiyoyinmu, SNEN da sauransu, ya kamata su sa wannan cikin abin da suke tattaunawa da CARENI da CNSS tun yanzu, kamar yadda suke yi da albashi da ƙarin girma. Duk ranar da za a buɗe ƙofar intanet, kar a rufe ta ofis, wanda ya fi son ya je da ƙafarsa a bar shi. Canza lambar banki kar ya yiwu ta waya kawai, sai mai fansho ya bayyana, ko wakilin da ya naɗa a rubuce. Kuma a faɗa mana da Hausa, da Zabarmanci, da sauran harsunanmu, wa ke ajiye hoton fuska da yatsa, a ina, har zuwa yaushe. (Yatsun da suka sha alli shekara talatin ma, Allah ya sa na'ura ta gane su.)

Iyaye, naku ya fi sauƙi. In ɗanku ne ke riƙe wa kakansa salula, ku zaunar da shi ku nuna masa amana ce, ba ta cikin abin da ake turawa abokai a WhatsApp.

Washegari na koma shagon ni kaɗai, na roƙi yaron ya goge takardun a gabana, ya goge. Da yamma na je gida muka canza lambar. Mushe ya rubuta sabuwar a wata ƴar takarda, ya naɗe, ya mayar cikin hula.